Takabar da Za Ki Yi a Gaban Turawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Catford, Ingila, ranar Alhamis.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta riske ki cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ku Leeds lami lafiya ke da abokan aikinki, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masauki. Na sa ta a cikin akwatinki ƙarƙashin sallaya ne domin na san halina. Idan na zaunar da ke da niyyar nasiha, faɗa zan ɓige da yi, ke kuma ki mayar mini da Turanci, mu tashi kowa ransa a ɓace. A takarda kuwa ina iya dakatawa in auna kalma kafin in sake ta.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. A wasan kwaikwayon da abokin aikinki Yohanna ya rubuta, an ba ki matsayin Bahaushiya mai sayar da tuwo a bakin ramin kuza a Jos, wadda rami ya rufta da mijinta. Wannan ne karon farko da za ki tsaya a gaba ki yi magana, bayan shekarun da kika shafe kina ɗaukar kaya da rawa a sahun baya. Baturen da ke shirya ku, wanda kuke kira darakta, yana so idan labarin mutuwar ya iso ki zube ƙasa, ki yi birgima, ki yage zane, ki kwarma ihu, domin a ganinsa haka matan Afirka suke makoki. Ya kuma ce idan kun isa Leeds ba ki ba shi abin da yake so ba, akwai wata yarinya da ke jiran wurin. Kin tambaye ni yadda za ki yi, na ce ki tashi ki yi la'asar. Na san wannan ba amsa ba ce. Ga amsar yanzu.

Ki tuna Asabar ɗin nan da nake tuƙa tuwon shinkafa a kicin, na ji kururuwa daga sama. Na saki muciya na hau bene ina salati, zuciyata ta ba ni hitar kananzir ce ta kama labule. Na tarar da ke kwance, gashi a barbaje, kina dukan kafet da tafin hannu.

Kika ɗago kika ce, "Mama, it's only rehearsal."

Kafin in sami bakin magana sai ga maƙwabciyarmu Misis Doyle tana buga ƙofa, da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Babu kowa. Yarinya ce take koyon aiki."

Ta ce, "To, in haka take yi ba a mutu ba, ranar da na mutu ki ara mini ita. Nawa 'ya'yan ko majina ba za su ja ba."

Ke kika yi dariya, ni ban yi ba. Da ta tafi na ce, "Ummi, a gidan wa kika taɓa ganin ana haka?"

Kika ce, "To a gidan wa na taɓa ganin ana wani abu? Da Baba ya rasu rufe ƙofa kika yi. You shut the door, Mama."

Na daka miki tsawa a lokacin, amma gaskiya kika faɗa. Tsawon takabata na riƙa dafa muku abinci, in raka ki ƙofa ke da ɗan'uwanki Sani, in koma ɗaki in rufe. Na ɗauka kariya nake yi muku. Ban tuna ba cewa yarinyar da ta tashi a Kano ba sai an koya mata makoki ba, tana ganinsa a gidan maƙwabta tun tana goye, amma ke ba ki da inda za ki gan shi a duk garin nan sai a ɗakina, ni kuwa na rufe shi. Shi ya sa da Bature ya ce miki ga yadda mutanenki suke yi, ba ki da abin da za ki ɗora a gefen maganarsa ki auna.

Saboda haka nasihata ta farko ita ce: kada ki ɗauka fatarki da sunanki sun ishe ki shaida. Sun ɗauke ki ne domin suna zaton kin san mu, ke kuma kunya za ta hana ki cewa ba ki sani ba. Duk ranar da aka ce ki tsaya a madadin mutane, ki fara neman waɗanda suka rayu cikin abin ki tambaye su. Ki tambaye ni ko da zan ɗaure fuska. Ɗaure fuskar ba ta daɗewa.

Yanzu bari in buɗe miki ƙofar, tun daga asibiti.

Da hantsi mahaifinki ya cika a Camberwell. Likita ya fito ya gaya mini. Na yi innalillahi, na gyara mayafina, na tambaye shi ko za a bar mutanen masallaci su ɗauke shi da wuri, domin mu ba ma jinkirta gawa. Wata nas, yarinya mai jan gashi, ta kawo mini shayi, ta zauna ta riƙe hannuna tana jiran in fashe da kuka. Yarinyar kirki ce, ban taɓa shakka ba. Ta jira, ta jira, ban fashe ba. Da na fito zan nemi wayar tarho, na ji tana gaya wa 'yar'uwarta, a zatonta ba na jin Turanci, "Ko ɗigon hawaye babu. Ai su ba don so suke aure ba."

Na ji sarai. Na sunkuyar da kai na wuce. Har na dawo na yi mata godiyar shayi.

Shekaru ke nan ina juya wannan a raina. A lokacin na ce haƙuri na yi. Yanzu ina tuhumar kaina, ko haƙuri ne, ko kuwa tsoron buɗe baki a gaban Baturiya ne na lulluɓe da sunan haƙuri. Allah ne Masani. Abin da na tabbata shi ne, yarinyar nan ta tafi da maganarta, kuma wataƙila har yau haka take kallon kowace mace mai mayafi da ta zauna shiru a bakin gadon mijinta.

Ki lura da wannan da kyau, domin a nan kika gado ni. Kunyarmu magana ce, amma sai wanda ya tashi cikinta yake jin ta. A gida idan babba ya yi magana yarinya ta dubi ƙasa ta ce "to," babban zai gane daga muryarta ko ta yarda ko tana dai girmama shi ne, kuma idan mai hankali ne zai sassauta. Bature ba ya jin wannan. Idan kin dubi ƙasa kin ce "to," a wurinsa an gama magana.

Ranar da Yohanna ya zo ɗaukar tabarmin da na ara muku, na zaunar da shi na zuba masa kunu, na tambaye shi yadda kike a wurin aiki.

Ya ce, "Mama, aiki kam ta iya. Amma da zarar mutumin ya ɗaga murya sai ta dubi ƙafarta ta ce yes."

Na ce, "Kai da ka rubuta fa, me ka ce?"

Ya ce, "Ni 'ta zauna' na rubuta, shi ya mayar da shi 'ta faɗi.' Da na yi magana ya ce aikin marubuci ya ƙare ranar da ya miƙa takarda. Mama, mu a ƙauyenmu muna kuka da ƙarfi, har ganga ake bugawa, ba na jin kunyar wannan. Amma matar nan ba 'yar ƙauyenmu ba ce. Maƙwabciyarmu ce a Jos, ina yaro na gan ta da idona. Zama ta yi. Zaman ne ban manta ba."

Na ce, "To me ya hana ka sake faɗa masa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ni ma yes ɗin nake cewa, Mama. Makarantar mishan ba ta koya mana wani abu ba."

Ga abin da nake so ki yi idan kun fara aiki a Leeds. Kada ki yi masa gardama a gaban jama'arsa, namiji ko Bature ne ba ya son haka. Kada kuma ki tsaya yi masa lacca kan Afirka, ba zai saurara ba, kuma ke ma ba ki san Afirka duka ba. Ki fara yi masa nasa, ki yi shi da dukkan ƙarfinki kamar yadda kika firgita mu ni da Misis Doyle, domin kada ya ce gazawa ce ta sa kike neman wata hanya. Idan kin gama, ki tashi ki karkaɗe zanenki, ki dube shi cikin ido ki ce kina roƙon izini ki nuna masa wani sau ɗaya. Na san ni na hana ki kallon babba cikin ido. A wannan wuri na janye.

Abin da za ki nuna masa kuwa, ga shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Mahaifinki yakan dawo daga ofis gab da magariba. Sanyin garin nan bai taɓa karɓar jikinsa ba, don haka kullum idan lokacin ya yi nakan ɗora ruwa a wuta, in surka masa a buta, in gwada da bayan hannu, in ajiye a ƙofar banɗaki da tawul a kai, domin alwala. Yana shigowa yakan ɗauke ta ya yi alwalarsa. Bayan an yi sadakar uku, masu gaisuwa sun ragu, ina zaune a ɗaki da zanen takaba, babu kwalli babu turare, sai na ji bas ta tsaya a kwanar titi kamar yadda ta saba. Na tashi. Na ɗora ruwa, na surka, na gwada, na ji ya yi zafi na ƙara na sanyi, na sake gwadawa. Na ɗauko tawul. Sai da na sunkuya zan ajiye butar sannan na tuna.

Ban yi ihu ba, Ummi. Amma na kasa ajiye ta, na kuma kasa juyawa da ita. Ina nan a sunkuye har ruwan ya huce a hannuna. Daga baya na yi alwala da shi, domin ba a zubar da ruwa a banza. Washegari na sake yi. Na daɗe ina yi, kullum hannuna yana riga hankalina.

Mijin matar da za ki fito a matsayinta mai haƙar kuza ne, da laka yake dawowa, dole akwai ruwan da take ajiye masa. Ki bar masu kawo labari su faɗa mata, ta yi innalillahi, ta zauna. Ki bar mata su shigo suna "ya haƙuri," tana amsa musu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya kamata. Ki bari su watse. Sannan ta tashi ta surka ruwa. Kada ki yi sauri a wurin gwadawa da hannu. Kada kuma ki dubi 'yan kallo don ki ga ko sun gane.

Na yi ta tambayar kaina ko ya halatta in fitar da wannan daga ɗakina in miƙa wa masu sayen tikiti, ko ba tona asirin zamana da mahaifinki ba ne, ko ba neman a tausaya mini nake yi ba. Na yi addu'a a kai kwana da kwanaki. Abin da na tsaya a kansa shi ne, babu saɓo a surka ruwan alwala, kuma gaskiyar da za ta hana a yi wa bayin Allah ƙarya ba abin ɓoyewa ba ce. Na ba ki shi. Sharaɗina kawai, kada ki ce daga wurina kika samo.

Kada kuma ki je ki ce musu Hausawa ba sa kuka. Wannan ma ƙarya ce, kuma ba na so ki gyara tasu da tamu. Na ga mata da yawa sun yi kururuwa har tsofaffi sun rirriƙe su suna cewa, "Ke, addu'a yake buƙata." Da aka aika wa gwaggonki labarin mahaifinki, an ce sai da aka yayyafa mata ruwa. Abin da za ki ce shi ne, wannan mata, mai waɗannan shekaru, a gaban waɗannan mutane, ga yadda za ta yi. Ki tsaya a kan mutum ɗaya. A nan ne ba zai iya kayar da ke ba.

Akwai wani abu da ke tsakaninmu wanda ba na so ki tafi da shi. Lokacin da Kawu Bala ya zo daga gida da bazara da akwatunansa wofi domin ya cika su da leshi da takalma, kin tuna abin da ya faɗa muna cin abinci.

Ya ce, "Ƙasa ta yi kuɗi, fetur sai bulbulowa yake, kowace ma'aikata tana neman mai takardar Ingila. A ce 'yar Malam guda ta bar karatun nas ta zama 'yar kama? Ki zo gida, mota za a ba ki kafin ki sauke akwati."

Kika dube ni. Ni kuwa na ce, "Gaya mata dai. A gidanmu maroƙi a zaure yake tsayawa."

Kika ajiye cokali kika hau sama. Na ga fuskarki, kuma na ci gaba da zuba masa miya.

Haka aka tarbiyyantar da ni, ba zan yi miki ƙaryar cewa na wanke shi daga zuciyata ba. Amma na duba maganar na ga girman kai ne a cikinta, ba tsoron Allah ba. Yanzu gwamnati da kanta take zuba makaɗa da 'yan rawa a jirgi tana yawon duniya da su. Kawunki zai sa babbar riga ya je ya kalla, ya tafa, ya ce al'adunmu ne, amma ba zai bar ɗayansu ya zauna a tabarmarsa ba. Ni ma haka nake ranar nan. Ki yafe mini. Ke kuma kada ki taɓa yi wa mai sana'a irin wannan, musamman idan Allah Ya ɗaga ki. Mai share muku dandamali da mai ɗinka muku kaya, ki san sunayensu, ki gaishe su kafin su gaishe ki.

Game da ita kanta sana'ar, zuciyata ba ta gama natsuwa ba. Na tambayi malamin masallacinmu bayan karatun Lahadi, ya ce abin ya danganta da abin da aka nuna da yadda aka nuna shi. Na so ya ce mini e ko a'a in huta, bai ce ba. Don haka nauyin yana kanki, kuma ina kan bakana a kan abin da muka yi magana. Salla a kan lokacinta, ko a bayan labule ne tsakanin kaya, ki tambayi masu masaukinku inda rana take fitowa tun ranar da kuka sauka. Amma kada ki yarda a mayar da salla wasa a kan dandamali, ko da za a ce labarin ne ya kawo. Idan an tashi sun nufi mashaya, ki yi musu sallama da fara'a ki koma masauki, ba sai kin yi wa kowa wa'azi ba. Wanda yake fitowa a mijinki kuwa, mijin ƙarya ne, ya san iyakarsa. Na ga yaron, yana da ladabi, amma yana da yawan dariya.

Saura tambayar da na san tana cin ki: idan kin nuna masa ya ƙi fa?

Na daɗe a kanta, domin na san abin da nake shirin nema daga gare ki. Na ga yadda kike dawowa da ƙafafu a kumbure kina cewa wata rana. Na san irin wannan wuri ba ya zuwa wa baƙar yarinya a garin nan sau biyu a jere. Duk da haka ga matsayina. Idan ya ƙi, ki roƙe shi ya cire wa matar sunan Hausa da mayafi, ya mayar da ita ta wani wuri inda Yohanna ya san haka ake yi, sai ki yi masa kukan da zuciya ɗaya, babu wanda aka yi wa ƙarya. Idan wannan ma ya ƙi, ya nace sai Bahaushiya mai takaba ta yi birgima tana yage zane domin mutane su sami abin kallo, to ki naɗe masa zanensa, ki miƙa masa da hannu biyu, ki yi masa godiya, ki hau jirgin ƙasa ki dawo. Waɗanda za su zauna a kujerun nan yawancinsu ba za su taɓa ganin wata Bahaushiya ba sai ke. Abin da kika nuna musu, da shi za su mutu.

Idan kin dawo ɗakinki yana nan. Ba zan ce na gaya miki ba, ba zan ambaci karatun nas ba, kuma ba zan bar kawunki ya ambata ba. Ranar da za ki je neman wani wasan, ni zan goge miki kaya.

Idan kuwa Allah Ya sa ya karɓa, ki aiko mini da tikiti ɗaya. Tun da nake ban taɓa taka gidan wasa ba, ban kuma yi zaton zan taka ba. Ki nema mini kujerar ƙarshen layi, kusa da ƙofa, domin ban san ko zan iya kallon abin har ƙarshe ba. Sani zai raka ni tasha. Kada ki gaya mini wani abu kafin nan, kada kuma ki neme ni da ido. Ina so in zauna a tsakiyar Turawa lokacin da za ki sunkuya da butar nan, in ji da kunnena ko za su yi shiru.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ƙarfin zuciya da daɗin harshe a gaban wanda ya fi ki iko. Ya tsare mutuncinki da imaninki a inda idona ba ya kaiwa. Ya jiƙan mahaifinki, Ya haskaka kabarinsa. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mini da ke lafiya, ko da wasan ko babu shi. Ki sa rigar sanyin nan mai kauri, an ce can ya fi nan.

Wassalam.

Mahaifiyarki.